Bangon Ɗakin Mai Takaba

Ba a kai ga sadakar arba'in ɗin Tukur ba, tifa ta juye yashi a ƙofar gidansu.

Hure, matar da ya bari da 'ya ɗaya, tana ɗakinta tana takaba. Ta 'yar tagar da ke bangon baya ta hango yayan mijinta, Alhaji Sagiru, tsaye a filin da Tukur yake ɗaure shanun huɗa, yana zana layi a ƙasa da sanda. Layin ya biyo jikin bangon ɗakinta. Kusa da shi Musbahu ne, maginin da ya yi yawancin gidajen bulo na Kademi.

Musbahu bai taɓa igiya ba sai da ya zaga filin. Ya ɗaga kai ya dubi wayar lantarki, ya taka ƙasar ya ji taushinta, ya tambayi inda tsohon masai yake. Da ya zo jikin bangon sai ya tsugunna ya tona gindinsa da cokalin gini. Bai yi nisa ba ya tsaya.

"Alhaji, bangon nan ba shi da tushe. Tubali ne aka ɗora a kan ƙasa, ga rufin azara da ƙasa a kansa. Kai kuma bene kake so, ramin fandisho sai ya kawo mini ƙugu. In na haƙa a nan, na kwashe abin da yake zaune a kai."

"Sai a yi yaya?"

"A ja baya da layin. In ba za a ja ba, a tokare bangon kafin diga ta taɓa ƙasa, a juya indararon can, don cikin ramin zai riƙa zuba. Mutanen ɗakin kuma a kwashe su tukuna. Damina ta kawo kai."

"In ja baya in bar wa wa filin?" in ji Alhaji. "Bangon nan babanmu ya gina shi, ya girme ka. In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini, akwai magina a Wudil."

Musbahu ya ɗago ido ya haɗa da na Hure ta taga. Ya sunkuyar da kai, ya karɓi guduma, ya buga turken farko a kan layin Alhaji.

Kowa a gidan ya san dalilin gaggawar. Ba a taɓa raba gadon gidan ba. Da Hure ta fita takaba malamai za su zauna su fitar da rabon Tukur, wanda zai faɗa hannunta da na 'yarta Ummi. Filin da aka tarar da gini a kansa kuwa, ba malamin da zai ce a rushe.

Da yamma Hure ta sami surukarta, Inna Hanne, tana ɓarar gyaɗar iri a rumfa. Ta durƙusa.

"Inna, kin ji abin da magini ya ce?"

"Na ji dai kin fara sauraron hirar maza ta taga."

"Ya ce bangon zai faɗi."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Tofar da yawu. Yanzu muka fitar da gawa, wata kike kira mana?"

"Ba kira nake ba, Inna. Ki bar mu mu riƙa kwana a ɗakinki, ko a ƙasa ne, har su gama."

"Mai takaba a ɗakin mijinta take kwana. Haka na yi, haka uwata ta yi. So kike garin nan a ce tun ƙasar kabarin ɗana ba ta bushe ba mun fitar da matarsa daga ɗakinta? Yarinya dai ta kwana a wurina in kin ga dama. Ke kuwa ba inda za ki."

"To a tambayi Liman."

Aka gaya wa Alhaji. Bayan magariba ya tsaya a tsakar gida, ya yi magana da ƙarfi don kowa ya ji.

"Na tambayi Liman. Ya ce ba ta halatta. Magana ta ƙare."

Washegari leburori suka fara haƙa. Duk saukar diga sai kwanukan jeren Hure su amsa. Ƙasa ta riƙa zubowa daga tsakanin azara, ta sauka a kan gado, a cikin ruwan sha, a kan Ummi. Kafin mako ya fita rami ya kai ƙugun mutum, ya miƙe daga wannan kusurwar ɗakin zuwa waccan. Gindin bangon ya fito fili, tubalan ƙasa suna leƙen ramin.

Siminti bai zo ba. Alhaji ya ce ya yi tsada a Gaya, sai ya sauko. Rami ya zauna a buɗe.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka. Indararo ya yi abin da Musbahu ya faɗa. Da gari ya waye ramin ya zama kududdufi, bangon ya jiƙe har rabinsa, tsaga ta taso daga ƙasan taga ta gangara. Hure ta sa farce, ya shiga. Bayan ruwa na biyu yatsa ya shiga.

Ta kira Lauratu, matar Alhaji, ta nuna mata.

"Innalillahi," in ji Lauratu. Ta ja da baya har bakin ƙofa. "Wallahi na gani, Hure. Amma kin san halinsa. Jiya a kan gishiri ya jefe ni da murfin kwano."

"Ki gaya masa kin gani da idonki."

"Zan dubi fuskarsa tukuna."

Ba ta sami fuskar ba.

Musbahu ya kawo katako biyu ya tokare bangon daga cikin rami. Ba su wuni ba. Alhaji ya dawo daga gona ya gan su, ya sa ƙafa ya shure ɗaya.

"Wa ya sa ka?"

"Ranka ya daɗe, don dai hankali ya kwanta."

"Duk wanda ya wuce ya ga an tokare ɗakin mai takaba, me zai ce? Ya ce Sagiru yana rusa ɗakin matar ƙaninsa? Cire su. Da an zuba kankare shi ke nan."

Aka cire.

Ranar kasuwar Ajingi leburori ba su zo ba. Hure ta ɗaure zane a kan tsohuwar rigar takabarta, ta ɗauki fartanyar Tukur, ta zaga bayan ɗakin. Ta fara mayar da ƙasa cikin ramin. Laka ce mai nauyi, tana jawo ta da fartanya, tana turawa da ƙafa. Ta cike kamar tsawon tabarma lokacin da Alhaji ya fito.

Bai tambaye ta komai ba. Akwai guntun tiyo da magina suke auna daidaito da shi. Ya naɗe shi biyu ya zuba mata a baya. Ta faɗi kan gwiwa. Ya ƙara mata a wuya, a hannu, a fuska. Da ta kare kanta da fartanya ya fizge ta ya yi wurgi da ita, ya kama ɗankwalinta haɗe da gashi ya ja ta cikin laka har ƙofar ɗaki. Ummi tana biye da su tana ihu, ya hankaɗe ta da gwiwa ta bugi turmi.

"Aikina za ki ɓata? A gidan ubana? Me kika zo da shi gidan nan?"

"Zai faɗo mana, Yaya Alhaji. Wallahi zai faɗo."

Ya mare ta a baki. "Sake faɗa!"

Maƙwabta sun leƙo ta katanga. Wani tsoho ya ce, "A yi haƙuri, Alhaji, a yi haƙuri. Mata sai haƙuri." Alhaji aka ba haƙurin.

Inna Hanne ta kawo mata ruwan ɗumi da man zafi, ta aje a bakin ƙofa.

"Ke ma kin cika neman magana. Mace mai takaba a bayan gida da fartanya, leburori na iya zuwa kowane lokaci. Ai ko Tukur ne da rai sai ya dake ki."

Hure ta kira ƙaninta Kamilu a waya. Leɓenta ya kumbura, sai da ta maimaita kafin ya gane. Da hantsi ya iso daga Ajingi a kan babur, ya shiga gidan ba sallama, ya leƙa ɗakin, ya ga fuskarta, ya ga hasken rana yana shigowa ta tsagar bango.

"Ɗauko yarinyar, Yaya. Bar kayan."

A zaure suka ci karo da Alhaji da leburori biyu. Inna Hanne ta zube a bakin ƙofa ta cire ɗankwali, tana kururuwa an zo a keta mata haddi, an zo a sace mata takabar ɗa. Kamilu ya ce a ba shi hanya. Alhaji ya cakumi wuyan rigarsa. Kamilu ya kai masa naushi a ƙirji. Wani lebura ya sauke masa bayan shebur a keya, ya kife, suka rufe shi da ƙafa har sai da haƙorinsa ya fita. Aka ja shi waje aka yar kusa da babur ɗinsa.

Dattawan unguwa suka zauna a kan maganar a gindin darbejiya. Suka ce yaron ya shiga gidan mutane ba izini, ya kuma ɗaga hannu ga babba. Suka ce saura kaɗan ta fita takaba, a yi haƙuri. Maganar bango ba wanda ya tayar. Mahaifin Hure ya aiko daga Ajingi cewa ba zai zama sanadin karya takaba ba, ta daure.

Alhaji ya karɓe wayarta. Ya kira kafinta ya buga sakata a ƙofar ɗakin ta waje, ya sayo kwado. Ya ce don mutuncinta ne, gidan cike yake da maza leburori, kuma ba zai sake yarda a taɓa masa rami ba. Da safe in ma'aikata sun zo a kulle, da yamma in sun tashi a buɗe. Mukulli yana aljihunsa.

Hure ta ja gadonta zuwa bangon gaba. Ta daina magana a kan tsagar, don duk wanda ta gaya wa sai ya ce ta daina mugun fata. Tana wuni a jikin ƙofa da bokiti ɗaya na ruwa da wani na larura. Tsagar ta rabu biyu. Hannu yana shiga. Ƙadangaru suna shigowa ta nan su fita. Azara ɗaya ta zame daga mazauninta, ta rataye.

Ranar da siminti ya zo, Ummi ta tashi da zazzaɓi. Ta ƙi zama wurin kakarta, ta maƙale a jikin uwarta tana kuka. Hure ta ce a ɗauke ta. Inna Hanne ta ce ita ba za ta iya da rigima ba, tana da unguwa, ana suna a maƙwabta. Alhaji ya kulle su tare, ya hau mota ya tafi Gaya sayen rodi.

Kafin a zuba kankare sai an kwashe lakar da ta taru a ramin. Leburori suka shiga da shebur suna kwasa daga gindin bango. Wajen azahar hadari ya taso daga gabas. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, suka fito suka fake a zaure.

A ciki, Hure ta ji wani sauti kamar ana karya kara. Ƙasa ta zubo da yawa a lokaci ɗaya. Tagar ta karkace. Ta goya Ummi, ta fara dukan ƙofa da hannu biyu.

"Ku buɗe! Lauratu! Musbahu! Don girman Allah ku buɗe!"

Lauratu ta fito cikin ruwa ta ja kwadon. Ta ruga zaure.

"Malam Musbahu, zo ka ɓalle ƙofar nan! Ɗakin yana motsi!"

Musbahu ya miƙe da guduma a hannu, ya zo har tsakar gida, ya tsaya.

"Hajiya, ɗakin mace ne, mai takaba kuma. Maigida ne ya kulle da hannunsa. Bari in kira shi."

"Kiran me? Ba ka ji ba?"

Ya ciro waya ya kare ta da hula. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Hure tana dukan ƙofa da kafaɗa, sakata tana motsi ba ta fita.

Lauratu ta ɗauki taɓarya ta sauke a kan kwadon. Ta sake. A karo na uku ƙusa ɗaya ta fita. Ta ɗaga a karo na huɗu, bangon baya ya zauna cikin rami, rufin ya biyo shi gaba ɗaya. Ƙarar ba ta yi yawa ba. Iska mai ƙura ta fito ta ƙarƙashin ƙofa, dukan ya tsaya.

Sai a sannan Musbahu ya sauke guduma. Bugu ɗaya kwadon ya tashi. Ƙofa ba ta buɗu ba, ƙasa ta cika bayanta. Suka cire ƙyauren daga mazauninsa, suka shiga tono da hannu da shebur, ruwa yana mayar da ƙasar laka. Sun fara samun hannun Hure, yana buɗewa yana rufewa. Tana kife, azara biyu sun danne ta. Ɗaya ta bi ta kan ƙafarta ta dama, ƙashi ya huda fata ya fito. Ɗayar ta sauka a bayanta, inda goyon yake.

Da aka kwance zanen, Lauratu ta karɓi yarinyar, ta dube ta, ta rufe mata fuska da gefen mayafi. Bakin Hure cike yake da ƙasa. Da aka kwakule mata, abin da ta fara cewa shi ne a duba Ummi, tana da zazzaɓi.

Alhaji ya dawo da rodi a bayan mota bayan la'asar. Ya yi salati, ya zauna a kan buhun siminti ya riƙe kai. Ya ce ikon Allah ya wuce tunanin bawa, dubi yadda ya rage yini guda a zuba kankare. Kafin magariba an kai Ummi makwancinta.

Ba a kai Hure asibiti ba. Alhaji ya ce likitoci tambaya gare su, daga tambaya sai 'yan sanda, gida kuma yana cikin makoki biyu. Inna Hanne ta ce ai takaba ba ta ƙare ba. Aka kira mai ɗori. Maza huɗu suka danne ta a kan tabarma a rumfa, ya ja ƙafar, ya tura ƙashin ciki da babban yatsa, ya jera karare ya ɗaure da tsumma. An ji ihunta har bakin masallaci.

Mata suka riƙa zuwa gaisuwa. Inna Hanne tana karɓa tana share hawaye, tana faɗa wa kowace abu ɗaya.

"Bakinta ne. Tun ranar farko take cewa zai faɗi, zai faɗi. Na ce ta tofar da yawu ta ƙi. Ga shi ta kira shi a kan jikata."

Matan suna girgiza kai. Wasu suna satar kallon Hure, suna matsawa nesa da tabarmarta.

Ranar sadakar uku Liman ya tsaya a bayan labulen rumfa ya yi mata ta'aziyya. Ta bari ya gama addu'a.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya. Mai takaba in ta ji tsoron ɗaki zai faɗo mata, ba za ta fita ba?"

"Za ta fita mana. Ai tsare rai yana gaba. Wa ya ce ba za ta fita ba?"

"An ce kai ka ce."

Liman ya ce ba haka aka yi ba.

"Abin da Alhaji ya tambaye ni, ko mai takaba za ta koma gidan iyayenta saboda hayaniyar magina ta dame ta. Na ce a'a. Ba wanda ya ce mini bango ba shi da lafiya."

"Ta layin nan kake wucewa masallaci, Malam."

Ya gyara murya. Ya ce yanzu dai abin da ya faru ya faru, haƙuri ya fi, yarinya ta tafi ba zunubi za ta cece ta gobe ƙiyama. Ya koma ƙofar gida inda maza suke zaune, Alhaji ya matsa masa a kan darduma, aka kawo gumba.

Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Wari ya fara korar masu gaisuwa daga rumfar. Mai ɗori ya ce jini ne yake taruwa, zai sace. Hure ta daina cin abinci, tana zazzaɓi tana kiran Ummi ta zo ta sha magani. Lauratu ce ta saci jiki ta ari wayar maƙwabciya ta kira Ajingi.

Wannan karon Kamilu ya zo da bas da kawunnansa uku, kowa da gora. Ba wanda ya tare su a zaure. Suka ɗauke ta da tabarmar. Inna Hanne ta biyo su har mota tana cewa saura 'yan kwanaki, su ji tsoron Allah kada su ɓata wa ɗanta takaba. A asibiti a Kano aka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Malamai sun zauna daga baya. Sun tarar da fandisho ya zagaye filin har da inda ɗakin yake, don an kwashe ɓaraguzan an miƙe layin. Suka ce ba a rushe gini. Aka nuna wa Hure rabonta a wata gona can bayan gari, inda mai ƙafa biyu ma sai ya huta a hanya.

Ba a kama kowa ba. Maza sun ce ƙaddara. Leburori sun ce damina. Musbahu ya ce shi dai ya faɗa tun ranar farko, Allah shaida ne, kuma shi ya ƙarasa benen. Mata sun riƙe maganar Inna Hanne, don ita ce mai sauƙin riƙewa.

Gidajen layin nan yawancinsu na ƙasa ne, kuma duk shekara wani yana haƙa fandisho a jikin na wani. Bana bangon ɗakin wata amarya ya tsage, gida na uku daga benen Alhaji. Mata suna shiga suna fita, kowace ta gani. Har yau ba wadda ta ce komai. Sun ga abin da ya sami wadda ta faɗa.